Ɗigon Shayi a Allon Mai Zare

A ƙarshen layi na huɗu, inda rufin kasuwa ya ƙare rana ta fara dukan mutum, akwai wani ɗan shago da ba shi da allon suna. Abin dariya ne, domin mai shagon ne ya rubuta allon kusan kowa a kasuwar. In an yi masa tsiya a kan haka sai ya ce warin fenti ya ishe shi talla, duk mai hanci zai same shi.

Baba Ɗigo ake ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Matarsa takan ce tun da suka yi aure ba ta taɓa ganin ainihin launin farcensa ba, yau kore, gobe ja, jibi abin da ba shi da suna. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Bana kuma saura ƙiris a sauke duk allunan da ya rubuta a jibge a bola, saboda ɗigo ɗaya tak da bai kai ƙwayar wake ba.

Kasuwar ta tara mutane. Wasu yaƙi ne ya koro su, wasu fari, wasu aure ya kawo su, wasu kuwa wata biyu suka zo yi sai ga su da jikoki. Kowa da harshen gari yake ciniki, gwargwadon yadda bakinsa ya iya lanƙwasa shi. Amma in aka zo maganar allon shago sai kowa ya tuna gida. Mutum zai shigo wurin Baba da 'yar takarda a aljihu, ya warware ta a hankali kamar hoton mahaifiyarsa ne, ya ce, "Wannan nake so, da irin namu."

Shi Baba harshen gari kaɗai yake karantawa, shi ma sai da yatsa a kan layi, don a aji biyar ya bar makaranta. Sauran rubuce-rubucen hannunsa ne ya san su, kansa bai sani ba. Har sunaye ya raɗa musu nasa na kansa. Akwai shanya, wanda haruffansa ke rataye a jikin dogon layi kamar kayan wanki. Akwai tagogi, wanda kowane harafi ɗaki ne guda da ƙofarsa. Akwai ƙwai, duk zagaye-zagaye, mai gajiyar da wuyan hannu. Akwai kuma ƙugiya mai tafiya daga dama zuwa hagu. Ranar farko da ya gwada shi daga hagu ya faro, mai allon ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Babu harafin da ya ɓace, amma kamar mutum ne ke tafiya da baya." Tun daga ranar yake tambayar kowa ta ina rubutunsu ke sa ƙafa.

Wanda ya jawo masa suna shi ne wanda yake kira tsaba, mai ɗigogi ko'ina kamar an watsa wa kaji hatsi.

Shekara ashirin da biyu ke nan, lokacin ba a fara ce masa Baba ba balle Ɗigo, wata mata ta shigo shagonsa. Sabuwar zuwa ce, kalmominta na harshen gari ba su wuce goma ba. Ta kama shago a layi na biyu tana sayar da zare da allura da maɓallai. Mijinta dogo ne siriri, ciwon ƙirji ya hana shi aiki, sai ya riƙa wuni a kujera a ƙofar shagon yana gyangyaɗi, hularsa a gwiwa. Ita ba ta yi karatu ba, mijin ne ya rubuta mata takardar. Ta shimfiɗa ta a kan tebur kusa da kofin shayin mai fenti, ta nuna shuɗi, ta nuna fari, ta tafi.

Kwana biyu ya yi a kan allon. Ya goge katako da samfefa, ya ja layi da igiya mai alli, ya ƙirga ɗigogin takardar ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Da ya kafa shi sai ya ja baya ya tsaya yana kallo, ransa fes.

Bayan mako uku wani baƙo ya zo wucewa ta layin. Ya ɗaga kai ya karanta allon, ya sauke kai ya dubi mutumin da ke barci a ƙarƙashinsa, sai ya tuntsire da dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. Mutumin ƙasarsu ne. Ashe a harshensu kalmar zare da kalmar miji ɗigo ɗaya ne ya raba su, kuma abin da allon ke cewa, da kyakkyawan shuɗi a kan fari, shi ne: Ana sayar da miji a nan. Mijin kuwa tun ranar farko ya gani ya yi gum. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce so yake ya ji nawa za a taya.

Mai fenti ya koma shago a guje ya zaro takardar. Duk ɗigoginta baƙaƙe ne, ban da guda ɗaya mai ruwan ƙasa. Ya kai ta hanci. Shayinsa ne.

A ranar ya ɗauki tsani da farin fenti ya nufi layi na biyu. Matar ta tare shi da tsintsiya a hannu tana cewa, "Bari! Bari!" Ya ɗauka tsoro take kada ya ƙara ɓata mata. Ya koma da tsaninsa, ya tarar da maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya riga ya raɗa masa suna Ɗigo. Daga baya ya sake yi mata tayin gyara sau da yawa, kyauta, kullum sai ta ce gobe. Shi kuma kunya ta hana shi tambaya. In hanya ta biyo da shi layi na biyu sai ya sunkuyar da kai ya gaishe ta da sauri, don kada idonsa ya haɗu da allon.

Amma kuskuren ya koya masa aiki. Ya kori shayi daga shagonsa gaba ɗaya. Ya daina karɓar takardar da aka rubuto daga gida, sai mai allo ya zauna a benci ya rubuta a gabansa, ya karanta masa da baki sau uku. In ya gama zane da alli, ba ya taɓa buroshi sai an kawo wani mai jin harshen, wanda yake kira shaida, ya karanta ya ce daidai ne. Mutane sukan yi ƙorafin ɓata lokaci, amma sukan zauna. Wasu ma daga karanta sunan shago sai su zarce da labarin garinsu da kogin da ke bayan gidansu, shi kuma yana wanke buroshi cikin kananzir yana cewa "to" da "Allah sarki". Da haka ya san yadda ake cewa sannu da zuwa da harsuna goma sha huɗu, ko da yake in ya faɗa masu harshen dariya suke yi.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya, ba yabo mai yawa ba tashin hankali, har aka kawo sabuwar Manaja a farkon bana. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, kullum da fayil a hammata. Ba da rigima ta zo ba. Abin da ya faru shi ne wani mai sayar da bokitai ya yanke jiki ya faɗi a layi na shida, aka kira motar asibiti, masu motar suka yi kusan minti ashirin suna bulayi a cikin kasuwa, don wanda ya kira su abin da ya iya faɗa kawai shi ne "shagon nan mai jan rubutu". Mutumin ya rayu, amma hukumar kasuwa ta ce a sauke allunan duka, a buga sababbi da inji, iri ɗaya, da harshen gari da lamba.

'Yan kasuwa suka yi ca. Manaja ta saurare su, ta koma ta roƙi hukuma, aka yi sassauci. Kowa ya riƙe allonsa da harshensa, amma a ƙara lamba da layi ɗaya na harshen gari a ƙasa, kuma sai an tabbatar babu allon da ke faɗin abin da ba haka ba. Ta bi layi-layi da wayarta mai fassara rubutu in an haska mata shi. Allo ɗari da arba'in ta haska. Ranar Juma'a da hantsi ta tsaya a ƙofar Baba.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu Manaja. Kada ki jingina da nan, bai bushe ba."

Ta janye hannunta. "Baba, kun san abin da ke rubuce a shago na goma sha bakwai, wurin mai zare?"

"Duk kasuwa ta sani, ranki ya daɗe," in ji mai agogo daga nasa shagon. "Har waɗanda ba a haifa ba lokacin."

"Kai dai ji da agogonka," Baba ya ce, "tun jiya yake ƙarfe uku."

Manaja ta danne dariyarta. "Ranar Litinin mutanen hukuma za su zagaya. A cikinsu akwai wanda tun farko bai so a bar allunan ba, cewa yake ba a san abin da mutane ke rubutawa a kansu ba. In ya ga wannan, ya samu abin da yake nema, kuma ba zan iya tare shi ba. Sauran duka daidai suke, Baba, ko ɗaya ban samu da aibu ba. Ɗigo ɗaya ne. Ku shafe shi sauran su tsira."

Washegari da safe yana aski a gaban ɗan madubin da ke rataye a bayan ƙofa, matarsa na ninke kayan wanki a kan gado, ta ce, "Ikon Allah. Shekara ashirin da biyu kana neman hanyar shafe abin nan, yau an ba ka izini da hatimi, ka tashi fuska kamar an ce ka sha magani."

"Ba za ta bari ba."

"Ka taɓa tambayarta dalili?"

Ya ci gaba da jan reza.

"Baban yara, magana nake. Kai ne mai zaunar da mutane su karanta maka abu sau uku, har abincinka ya huce. Wannan baiwar Allah kaɗai ce ba ka taɓa zama ka saurara ba. Ka yanke kanka, ga jini nan a haɓa."

Ya ɗauki tsani da ɗan gwangwanin farin fenti ya tafi layi na biyu. Mai zare ta tsufa yanzu, Inna kowa ke ce mata, kuma harshen gari a bakinta ya fi na 'yan gari gudu. Mijin ya rasu shekara shida da suka wuce. Kujerarsa na nan a ƙofa, an sake mata ƙafa ɗaya.

Tana hango tsanin ta ce, "Mai fenti, in wurin allona ka zo, tsintsiyar nan tana nan, ban yar ba."

"Yaya, ba hawa na zo yi ba tukuna." Ya jingine tsanin, ya ajiye gwangwanin a ƙasa. "Tambaya na zo yi. Me ya sa?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Sai yau?"

"Sai yau."

"To zauna. A'a, a kujerar. Ba za a taya ka ba, ka yi gajarta."

Ya zauna. Ta ci gaba da jera maɓallai cikin kwalba tana magana.

"Watanmu biyar a garin nan kafin ka yi mini allon. Na ɗauka mu biyu ne kaɗai irinmu a duk faɗinsa. In Tsoho, maigidana, ya yi barci, shi ke nan, ba ni da wanda zan ce wa ko ruwa. A bayan kwalayen nan nake kukana in share ido in fito in sayar da allura. Sai mutumin nan ya zo ya yi dariyarsa. Washegari ya kawo matarsa ta gani. Ita ta gaya wa wata, wata ta gaya wa wata. Mai fenti, mota biyu mutane ke hawa daga ƙarshen gari su zo ganin mijin sayarwa. Wata ta taya shi tukwane biyu, ya buɗe ido ɗaya ya ce albarka. Wata ta ce a rage mata don yana tari. A nan ƙofar muka gane ashe mun fi gida sittin. A nan aka samo mana likita mai jin maganarmu, ya duba ƙirjin Tsoho, ya ƙara masa shekara goma sha shida da ikon Allah. Aure uku aka ƙulla a kan bencin can. Ranar da ya rasu, waɗanda suka ɗauke shi duk masu tayi ne."

Ta rufe kwalbar.

"Har gobe in wani namu ya sauka a tasha bai san kowa ba, abin da ake gaya masa ke nan, je ka kasuwa ka tambayi inda ake sayar da miji. In ka shafe, ina za a ce musu su je?"

Baba ya ɗaga kai. Rabon da ya kalli allon sosai har ya manta. Shuɗin ya koɗe, katakon ya tsage a gefe, amma ɗigon na nan daram a saman harafi na uku. Ya ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya saki, kamar murfin gwangwanin da ya shekara a liƙe. Sai kuma ya tuna Litinin.

Ya tashi ya tafi ofis ya dawo da Manaja. Ya nuna mata benci. "Zauna, 'yata. A wurina ba a taɓa allo sai an ji daga bakin mai shi."

Inna ta maimaita labarin, wannan karon har da kwaikwayon muryar Tsoho. Manaja ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafinta, amma da aka gama ta girgiza kai.

"Inna, na ji, wallahi na ji. Amma wayar nan da na haska, su ma ita za su haska."

"Wayarki ta iya karatu, ba ta iya dariya ba."

"Su ma ba su iya ba, Inna. Za su ce allo ya faɗi abin da ba a sayarwa."

"To a rubuta a ƙasa ma da harshen gari, kowa ya huta."

"So kuke a kore ni ke nan."

Baba ya miƙa hannu. "Ba ni takardar dokar in gani." Ta zaro ta daga fayil. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa mai koren farce a kan layin farko, ya bi shi a hankali leɓɓansa na motsi. Ya karanta sau uku, yadda ya saba sa wasu su yi. Su biyun suna jiransa.

"Nan an ce layin ƙasa ya faɗi lamba da abin da ake sayarwa. Haka ne?"

"Haka ne, Baba."

"Na sama kuma an ce sunan shago, da harshen da mai shi ya ga dama."

"E."

"Mai takalman layi na biyar, Giwa sunan shagonsa, ni na rubuta. An taɓa zuwa sayen giwa?" Ya miƙa mata takardar. "Allon Yaya da kuskure ne, ranar da na yi shi. Yanzu shekara ashirin da biyu mutane na kiran wurin da shi. Abin da aka kira ka da shi haka ai ya zama suna. Ni shaida ne."

Manaja ta karɓi takardar ta sake dubawa. Ta ciji leɓe. "In suna ne, sai mai shago ta sa hannu cewa ita ta zaɓe shi. Kuma zan so a samu mutum ɗaya ko biyu masu jin harshen su tsaya ranar Litinin."

"Ɗaya ko biyu," in ji Inna, ta jawo wayarta daga cikin kwalin zare.

Ranar Litinin layi na biyu bai ɗauki mutane ba. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, wani direban bas da ya bar motarsa a bakin titi, har da likitan, ya yi furfura. Mutanen hukuma su uku suka iso da ƙyar. Wanda ake tsoron, wani mai ƙaramin gemu da biro a aljihun gaba, ya haska wayarsa ya karanta, ya ɗaure fuska. Manaja ta miƙa masa takardar sunan da sa hannun Inna. Ya duba, ya dubi taron, ya dubi kujerar da ba kowa a kanta.

"To ina mijin?" ya ce. "An sayar?"

"An sayar, ɗana," in ji Inna. "Wanda ya fi mu duka ne ya yi tayi, ba mu da ta cewa."

Mutumin ya zaro bironsa ya yi 'yar alama a takarda, ya ce Allah ya jiƙansa, suka wuce shago na goma sha takwas.

Aikin ƙara lamba da layin ƙasa Baba aka ba, da hannu. Wata biyu ya yi yana yawo da tsani, mai agogo na cewa tsufa ya zo masa da hawa sama. Ya bar na goma sha bakwai a ƙarshe. Ya cike tsagar katakon, ya sake farin, ya rubuta Zare da Allura da Maɓallai a ƙasa da harshen gari, sannan ya bi tsaba harafi-harafi da sabon shuɗi. Da ya zo saman harafi na uku sai ya tsaya, buroshi a sama.

"Yaya, wane girma?"

Inna ta fito da kofin shayi a hannu. Ta tsoma ɗan yatsa, ta ɗiga a kan takardar da take naɗe allura, ta ɗaga masa.

"Kamar haka. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya duba da kyau, ya riƙe numfashi, ya ɗiga. Ya sauko ya ja baya ya tsaya yana kallo.

Ta miƙa masa kofin. Ya yi jim, don rabonsa da shayi a bakin aiki tun wancan. Sannan ya karɓa da hannu biyu, ya matsa taku uku daga ƙarƙashin allon, ya juya masa baya, ya kurɓa.